Wa'adin Windows 10 Ya Cika: Lissafin Da Ke Gaban Masu Ofisoshi Da Kamfanoni

A ranar Talata 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau babbar manhajar da ta shafe shekara goma tana tafiyar da kwamfutocin ofisoshi, bankuna, asibitoci da shagunan buga takardu a Nijeriya da sauran ƙasashen duniya. Babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana. Washegari akawu ya kunna tasa ta kama, sakatare ya buga wasiƙa ta fito, mai ajiya ya shigar da lissafin kaya kamar yadda ya saba. Wannan ne ya sa wasu masu kamfanoni suka ɗauki maganar a matsayin dabarar sayar da sababbin kaya. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin nasu, domin kuwa masu ƙera kwamfuta za su ci riba. Amma duk da haka akwai abin da ya canja a ranar, kuma abu ne da ya shafi aljihun ɗan kasuwa kai tsaye.

Ita babbar manhaja ita ce ginshiƙin da sauran manhajoji ke hawa a kansa. Ita ke karɓar abin da aka danna a allon rubutu, ta ajiye fayil, ta yi magana da firinta, ta buɗe ƙofar intanet, sa'an nan ta tantance wanda aka yarda ya shiga da wanda ba a yarda ba. Manhajar lissafin kuɗi da ta biyan albashi da ta rubuta wasiƙu duk 'yan haya ne a cikin gidanta. Da yake aikin hannun ɗan Adam ce, kuma layukan umarnin da aka gina ta da su sun kai miliyoyi, ba a rabuwa da gano ɓaraka a jikinta. Saboda haka tun daga shekarar 2003 Microsoft ya ware ranar Talata ta biyu a kowane wata domin aiko da abin da za mu kira faci, kamar dai yadda mai faci ke toshe hujin taya. Abin da ya tsaya a watan Oktoban 2025 shi ne wannan faci na kyauta. Ɓarakar da aka gano bayan wannan rana tana nan a buɗe ga duk kwamfutar da ba a biya mata kuɗin ƙarin wa'adi ba.

Wani abin lura kuma shi ne, Windows 10 da magajiyarta Windows 11 uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma sassan jikinsu da yawa iri ɗaya ne. Duk lokacin da aka aiko wa sabuwar da faci, masu kutse suna zama su tantance abin da aka toshe, sa'an nan su koma su gwada ko ramin yana jikin tsohuwar. Ke nan kowane facin da ya fito tamkar taswira ce aka miƙa wa ɓarawo ta gidan da aka daina gadi.

Wannan ba shi ne karon farko ba. An yi haka da Windows XP a ranar 8 ga Afrilu 2014, aka kuma yi da Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020. A kowane karo an sanar da ranar tun shekaru kafin ta zo, kuma a kowane karo an samu ofisoshin da suka tsaya sai ranar tafiya suka fara fafar gora.

Abin Da Ya Faru A 2017

Masu ganin cewa maganar faci ta ma'aikatan kwamfuta ce kawai, ya kamata su waiwayi shekarar 2017. A ranar 12 ga watan Mayu na wannan shekara wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya, tana kulle bayanan da ke cikin kwamfuta tana neman dala 300 a matsayin kuɗin fansa. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila ta taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita har sau 19,000, kuma daga baya ma'aikatar lafiyar ƙasar ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun ranar 14 ga Maris, wata biyu kafin harin. Daɗin daɗawa, mafi yawan kwamfutocin da suka kamu suna ɗauke ne da Windows 7, wadda a lokacin wa'adinta bai cika ba. Facin yana nan, kyauta, ba a dai sa shi ba. Ashe kwamfutar da ke da haƙƙin samun faci amma babu mai kula da sa mata, ba ta fi wadda aka yaye tsira ba.

Wata guda da rabi bayan wannan, a ranar 27 ga Yuni, wani harin da aka sa wa suna NotPetya ya taso daga ƙasar Yukuren ta cikin wata manhajar lissafin haraji, ya faɗa wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda 'yan kasuwar da ke shigo da kaya ta tashar Apapa suka san sunansa sarai. Shugaban hukumar daraktocin kamfanin ya bayyana a taron Dabos na Janairun 2018 cewa sai da suka sake ɗora manhaja a kan kwamfutocin tebur 45,000 da manyan kwamfutocin ajiya 4,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kama tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafe mu a nan Afirka ta Yamma. Bisa ga rahoton mujallar Wired na 2018, duk na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da kalmomin sirrinsu sun shafe, in ban da guda ɗaya tak a ofishin kamfanin na Gana, wadda ta tsira domin an ɗauke wuta kafin harin ya iso, ta zamo a kashe. Sai da aka ɗauko faifanta a jirgin sama zuwa Nijeriya, aka miƙa wa wani ma'aikaci a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi London. Ɗaukewar wuta ta yi rana sau ɗaya a tarihi, amma ba abin da mai hankali zai jingina dukiyarsa a kai ba ne.

Zaɓin Da Ke Akwai Da Farashinsa

Hanya mafi sauƙi ita ce hawa Windows 11, wadda ta fito a ranar 5 ga Oktoba 2021. Wanda ke da lasisin Windows 10 na halal ba ya biyan ko kwabo domin wannan hawa, muddin kwamfutarsa ta cika sharuɗɗa. A nan gizo ke saƙar. Sharaɗin ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 4 da ma'ajiya mai gigabait 64 ba wani abu ba ne. Masu wuyar su ne guda biyu: dole a samu wani ɗan guntun sashe na tsaro mai suna TPM 2.0, wanda ke ajiye makullan sirri a jikin na'urar, kuma dole furosesar ta kasance, in ban da 'yan tsiraru, ta Intel zubi na 8 zuwa sama ko ta AMD Ryzen 2000 zuwa sama. A taƙaice, kwamfutar da aka ƙera kafin ƙarshen 2017 ta faɗi jarrabawar, ko da kuwa lafiyarta ƙalau. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a watan Disambar 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai iya mayarwa shara a duniya.

Hanya ta biyu ita ce sayen ƙarin wa'adi, shirin da Microsoft ke kira ESU. Ga kamfanoni, farashin da aka sanar shi ne dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, dala 122 a ta biyu, dala 244 a ta uku, daga nan kuma sai a rufe ƙofa a watan Oktoban 2028. Wanda ya yi jinkiri ya shiga a shekara ta biyu, sai ya biya har da kuɗin ta farko. Jimillar shekara uku ita ce dala 427. Idan muka ɗauki dala a kan Naira 1,500 domin sauƙin lissafi, kowace kwamfuta za ta ci Naira 640,500, ofishi mai kwamfuta 40 kuwa zai biya fiye da Naira miliyan 25 da rabi, kuma a ƙarshen shekara ukun tsofaffin kwamfutocinsa ne dai a hannunsa. Duk wanda ya san tattalin arziki zai gane manufar ninka farashin nan a kowace shekara: an tsara shi ne domin zama ya fi tashi tsada. Makarantu sun samu rangwame mai yawa, dala 1 da 2 da 4, abin da ya kamata masu makarantun kuɗi su bincika. An kuma yi wa masu kwamfutar gida wani shiri na shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026, a kan dala 30 ko ma kyauta bisa wasu sharuɗɗa, amma ba a yi shi domin kwamfutocin kamfani ba.

A ganina ƙarin wa'adin yana da amfani a wuri ɗaya kawai, watau a kan 'yan kwamfutocin da ba za a iya taɓawa nan take ba. Alal misali, wadda ke haɗe da injin gwajin jini a ɗakin awo, ko wadda ke sarrafa injin ɗab'i, ko mai ɗauke da tsohuwar manhajar lissafi da mai ita ya daina sabuntawa. Saya wa ofishi gaba ɗaya kuwa biyan haya ne a gidan da aka riga aka sa wa ranar rushewa.

Hanya ta uku ita ce sayen wasu kwamfutocin, kuma a nan ne halin da Naira ta shiga ya sa lamarin ya fi yi mana nauyi a kan takwarorinmu na Turai. Kafin a saki Naira a tsakiyar watan Yunin 2023, dala tana kusan Naira 460 a farashin gwamnati; zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kwamfuta da lasisinta kaya ne na dala. Kamfanin da ya sayi kwamfuta 40 a 2019 ya rubuta darajarsu a littafi da tsohuwar Naira, yana rage ta kowace shekara har ta koma sifiri, zai tarar cewa abin da ya ware domin maye gurbinsu, in ma ya ware, bai kai rabin farashinsu ba.

Hattara Da Kasuwar Tokumbo

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ƙananan kamfanoni da matsakaita a ƙasar nan sun dogara ƙwarai a kan kwamfutocin tokumbo da ake saye a Computer Village da ke Ikeja, ko Banex a Abuja, da makamantansu a sauran birane. Wannan ba abin kunya ba ne. Kwamfutar ofis da wani banki a Turai ya yi shekara uku ko huɗu da ita ya sallama, sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙarko. Sai dai ya kamata mai saye ya tambayi kansa, ina kwamfutocin nan da suka faɗi jarrabawar Windows 11 a Turai da Amurka za su nufa? Hanyar da tsofaffin motoci da firji suka bi, ita za su bi. Za su zo da tsabta, da sauri, da farashi mai jan hankali.

A ƙaddara an kawo wa manaja kwamfuta biyu, ɗaya a kan Naira 180,000 ɗayar a kan 270,000, kuma a ido babu bambanci. Ta farkon zubi na 6 ce, ta biyun zubi na 8. Idan ana son ta farkon ta ci gaba da samun faci har 2028, sai an ɗora mata waccan Naira 640,500, ta tashi a kan 820,500, ninki uku na wadda aka ce ta yi tsada. Araha ba ta ado. Gane zubin kuma ba ya bukatar injiniya. A duba lambar furosesa: a i5-6300U, lambar da ta biyo bayan karan ɗori ita ce 6, zubi na 6 ke nan, i5-8250U zubi na 8 ce, daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake dubawa, kamar a i5-10210U. Akwai kuma wata 'yar manhaja ta kyauta daga Microsoft mai suna PC Health Check da ke faɗin ko na'ura ta cancanta cikin minti ɗaya. Wani lokaci ma sashen TPM yana nan a jiki, an dai kashe shi ne a saitin farko na na'urar, kunna shi kawai za a yi. Kafin a yanke wa kowace kwamfuta hukuncin ritaya, a duba wannan.

Masu gyara a kasuwa sun iya wata dabara ta tsallake sharuɗɗan, su ɗora Windows 11 a kan na'urar da ba ta cancanta ba. Tana aiki. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin aiko wa irin wannan na'ura da faci ba. Saboda haka ganin tambarin Windows 11 a fuskar kwamfutar tokumbo ba hujja ba ce. Lambar furosesa ita ce shaida. Mutum yana iya yin kasada da kwamfutar da yara ke kallon fim a gida, amma ban ga hikimar yin ta da wadda ke riƙe da albashin ma'aikata ba.

Yadda Ake Sauyin Ba Tare Da An Tsayar Da Aiki Ba

Aikin yana farawa ne da ƙidaya, kuma abin mamaki a nan ne ofisoshi da dama ke tuntuɓe. Manajan da zai iya faɗin adadin buhunan da ke sito har da rabin buhu, sau da yawa ba zai iya faɗin kwamfuta nawa kamfaninsa ya mallaka ba, balle abin da ke cikinsu. Ana bukatar rajista mai nuna kowace na'ura, shekarar ƙirarta, furosesarta, wanda ke amfani da ita, manhajojin da aikinsa ya rataya a kansu, da takardar lasisinta. Daga wannan rajista ne za a raba su kashi uku: masu hawa kyauta, masu jiran maye gurbi, da 'yan kaɗan ɗin da za a saya wa wa'adi ko a cire su daga intanet ɗungurungum. A tuna kuma cewa wa'adin Office 2016 da Office 2019 ya cika a rana ɗaya da na Windows 10, don haka su ma su shiga rajistar.

Abin da ke hana sauyi tafiya ba kasafai yake zama ita Windows ɗin ba. Yawanci wata tsohuwar firintar rasit ce da ba ta da 'yar manhajar da za ta haɗa ta da sabon tsari, ko na'urar ɗaukar hoton yatsa, ko wani shafin cikin gida da aka gina domin Internet Explorer, wanda aka yi wa ritaya a ranar 15 ga Yuni 2022. Irin waɗannan ba a gano su a takarda, sai an gwada. Shi ya sa ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a tafi rukuni-rukuni. A fara da kwamfuta biyu ko uku na masu kula da na'urorin, a bar su mako guda. Sa'an nan a ɗauki mutum ɗaya daga kowane sashe, a zaɓi wanda zai yi magana in ya ga matsala. Sai an ga waɗannan sun yi cikakken zagayen aiki, har da rufe lissafin ƙarshen wata, kafin a taɓa sauran. Ofishin kuɗi shi ne na ƙarshe, kuma ba a taɓa shi a makon biyan albashi ko na shigar da takardun haraji. Windows tana ba da kwana goma da mutum zai iya komawa tsohon tsari bayan hawa, amma wannan ba ya maye gurbin kwafin ajiya da aka ɗauka a wani faifai dabam, aka cire shi daga jikin na'urar, aka kuma gwada aka tabbatar yana buɗewa.

Wanda ke shakkar amfanin tafiya rukuni-rukuni ya tuna da ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024. A ranar ne kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika wa dukkan abokan cinikinsa wani sabuntawa mai kuskure a lokaci guda. Bai fi minti 78 ba aka janye shi, amma kafin nan kwamfutoci miliyan 8.5 masu Windows sun faɗi, bisa ƙiyasin Microsoft. Filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya cik. Kamfanin jiragen sama na Delta shi kaɗai ya soke tashi kimanin 7,000 a kwana biyar, ya ce ya yi asarar dala miliyan 500. Gyaran kuma sai an bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya da hannu, waɗanda aka kulle faifansu da BitLocker kuwa sai an nemo makullin kowace. Wasu za su ce to ai ga shi nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma idan aka ɗora 2017 da 2024 a kan sikeli ɗaya, abin da suke nunawa shi ne jinkirin wata biyu yana kashewa, gaggawar minti ɗaya ma tana kashewa. Tsakaninsu akwai 'yan kwanakin gwaji a kan 'yan na'urori, kuma hakan bai fi ƙarfin ofishi mai mutum goma ba.

Manyan kamfanoni ba sa bin kwamfuta ɗaya-ɗaya da faifai a hannu. Da can suna shirya samfuri guda mai ɗauke da duk manhajojin ofis su kwafa shi a kan ɗaruruwan na'urori, suna sarrafa saitinsu daga cibiya ta hanyar Active Directory. A 'yan shekarun nan an karkata zuwa Intune da Autopilot, inda sabuwar kwamfuta ke zuwa hannun ma'aikaci a Fatakwal ko Maiduguri a cikin kwalinta, ya kunna ya shigar da sunansa, ita kuma ta jawo saitin kamfani ta intanet. Tsohon tsarin rarraba faci na cikin gida mai suna WSUS, Microsoft ya sanar a Satumbar 2024 cewa ya daina bunƙasa shi. Sababbin hanyoyin suna rage zirga-zirga, amma kuɗin wata-wata ne a kan kowane ma'aikaci, da dala, kuma suna son intanet mai ƙarfi. Duk wannan sai da nau'in Pro ko Enterprise. Nau'in Home da ke zuwa a kan kwamfutoci masu araha ba ya shiga rajistar cibiya ta kamfani, abin da masu sayayya kan gano bayan an riga an biya kuɗi.

Akwai matsaloli biyu da littattafan Turawa ba su cika damuwa da su ba, mu kuwa su ne a gaba. Ta farko wuta. Kwamfutar tebur da wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar sauya babbar manhaja tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, don haka a yi aikin a kan janareto ko inbata, kada a dogara da sa'a. Ta biyu data. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5. Kwamfuta 40 kowace ta sauko da nata, an haura gigabait 200 ke nan, kuma tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. A sauko da shi sau ɗaya a rarraba ta filasha, a kuma kunna saitin da ke ba kwamfutocin ofis ɗaya damar karɓar faci daga junansu.

Ko A Bar Windows Ɗin Gaba Ɗaya?

Tambaya ce mai ma'ana, musamman ga na'urorin da suka faɗi jarrabawa alhali suna da sauran ƙarfi. Linux kyauta ce, kuma nau'inta na Ubuntu mai dogon wa'adi yana samun faci na shekara biyar. Google ma yana da ChromeOS Flex da ake ɗorawa a kan tsofaffin kwamfutoci. Ga ma'aikacin da duk aikinsa a shafin intanet yake, kamar mai karɓar baƙi ko mai shigar da bayanai, wannan na iya ƙara wa na'ura shekaru ba tare da an kashe dala ba. Amma tarihin birnin Munik na Jamus ya isa gargaɗi. Majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, aikin bai kammala ba sai 2013 da kwamfutoci kusan 15,000, sa'an nan a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar kuma ta sanar a 2024 cewa za ta raba kwamfutocinta 30,000 da kayan Microsoft. Kuɗin lasisi ƙaramin kaso ne na lissafin. Babban kason shi ne horar da ma'aikata, da samun mai gyara a kusa, da manhajojin da ba sa aiki sai a kan Windows. Akawun da ya shekara goma sha biyar yana gina lissafinsa a Excel ba zai yi godiya ba.

Sauran batu biyu sun shafi doka. Binciken ƙungiyar masu manhaja ta BSA na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na manhajojin da ke kan kwamfutocin Nijeriya ba su da lasisi. Windows ɗin da aka fasa makullinta ba ta da hanyar shiga shirin ƙarin wa'adi ta halal, kuma kayan fasawar kansu sananniyar hanya ce ta shigo da muguwar manhaja. Na biyu, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakan tsaro da suka dace, kuma ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi masa kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Tarar tana iya kai wa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe da bayanai; ga sauran kuwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Asibiti ko makaranta ko kamfanin ba da rance da aka sace wa bayanai daga kwamfutar da ta daina samun faci, zai sha wuya wajen gamsar da hukuma cewa ya yi abin da ya dace.

Wanda ya hau Windows 11 ma kada ya ɗauka ya huta. Microsoft yana fitar da sabon zubinta sau ɗaya a shekara, kuma kowane zubi yana da wa'adin wata 24 a nau'in Home da Pro, wata 36 a nau'in Enterprise. Zubin 23H2 na Pro ya ƙare a ranar 11 ga Nuwamba 2025, na 24H2 kuma an sa masa 13 ga Oktoba 2026. Rubuta kalmar winver a akwatin bincike na kwamfuta yana nuna zubin da take kai. Abin da ya fi dacewa da kamfanin da ke sayen kaya da dala yana samun kuɗi da Naira shi ne ya maye gurbin kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na kwamfutocinsa a kowace shekara, ta yadda sayayyar ba za ta taru ta faɗo masa a shekarar da canji ya yi tsada ba. Ofishi mai kwamfuta 40 zai sa takwas zuwa goma a kasafin kowace shekara, a fara da waɗanda rajista ta nuna sun fi tsufa kuma suna riƙe da bayanan kuɗi ko na abokan ciniki.